Baƙuwar da ke Cikin Injin Baba

Mu a gidanmu ba a faɗin magana mai muhimmanci a hankali. Idan madara za ta zube a kan wuta, ihu ake yi. Idan an manta makulli a jikin ƙofa, ihu. Inna ce shugabar wannan fanni, Yaya ne mataimakinta, ni kuma auta na taso na tarar da sana'ar gida na kama da hannu biyu. Maƙwabtanmu na bene na ƙasa sun daɗe da daina hawowa su tambayi ko lafiya. Baba kaɗai ne ba ya cikinmu. Shi ko ƙafarsa ka taka, sai ya jira ka gama abin da kake yi, sannan ya ce, "Ko za ka ɗan matsa?"

Shekarun da ya yi yana aiki a masaƙa ne suka ci masa huhu. Ƙurar auduga ta shiga ta zauna, ba ta bayyana kanta ba sai bayan ya yi ritaya. Da abin ya yi tsanani likita ya ce dole ya riƙa shaƙar oksijin a gida, dare da rana. Da farko silinda muke ɗaukowa, amma ɗakinmu a bene na uku yake, kuma silindar nan ba ta tashi ƙarewa sai ranar da babu mai ɗauka. Yaya, wanda yake gyaran fanka da firji da janareto, har unguwa take kiransa Injiniya, shi ya zo da mafita. Ya samo wani inji na hannu a wurin wani mai shigo da tsofaffin kayan asibiti daga Japan. Injin yana zuƙar iskar ɗaki, ya tace oksijin daga ciki, ya tura ta siririn tiyo zuwa hancin majiyyaci. Ba ya ƙarewa, ba ya bukatar a ɗauke shi a ka.

Fari ne, tsayinsa bai wuce gwiwata ba, da tayoyi ƙanana da wata 'yar kwalbar ruwa a gaba wadda take ɓulɓulowa idan yana aiki. Duk rubutun jikinsa na Japan ne. Yaya ya haɗa masa taransifoma saboda wutarsu ba irin tamu ba ce, ya wanke matatar baya, ya kara kunnensa a jikin injin ya saurara yana lumshe ido. Haka yake gwada kowane inji. A wurinsa idan abu yana juyawa ba ya ƙara, lafiyarsa ƙalau.

"Sabo fil," in ji shi. "Ko tari ba ya yi."

Yana danna maɓalli sai muryar wata mace ta fito daga ciki. Murya ce mai sanyi, mai ladabi, kamar ta mai yi wa baƙo iso. Inna ta yi tsalle ta bangaje kujera tana salati. Baba kuwa ya gyara zaman tiyon a hancinsa, ya dubi injin, ya ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa. Ya hanya?"

Sunan ya bi ta. Idan ta yi magana Baba yakan amsa mata, "Madalla, na ji." Ko ya ce, "Lafiya lau, mun gode." Yakan ce a duk gidan ita kaɗai ce take magana irin tasa.

Ni ce na fara tsarguwa, ba don na fi kowa wayo ba, sai don kunnena ya saba. Ɗinkin labule nake yi a wani shago, kuma duk wanda ya wuni a kan keken ɗinki ya san lokacin da sautinsa ya canza tun kafin zare ya tsinke. Na lura cewa maganar da Baƙuwa take yi idan an kunna ta daban ce da wata da take yi haka kawai da tsakar rana ba wanda ya taɓa ta. Ta biyun ta fi tsawo. Tana zuwa tare da wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa da ke kunnuwa a gefe. Da farko sai ta wuni ba ta faɗe ta ba. Daga baya ta fara maimaita ta akai-akai.

Baba kuma yana ta ja baya. Daga kujerarsa zuwa bayi sai ya tsaya a hanya ya dafa bango. Faratansa suka fara yin duhu. Barci ya yi masa yawa, irin wanda yake ɗauke mutum yana tsakiyar magana. Wata rana da hantsi muna zaune, ya zare tiyon daga hancinsa, ya kara shi a kumatunsa, ya mayar.

"Iskar nan dai kamar ta fanka," ya ce, yana ɗan murmushi.

Muka yi dariya. Yaya ya ce ai dama oksijin ba ta da ƙamshi, ko Baba so yake a sa masa turare a ciki? Baba ma ya yi dariyar, tari ya sarƙe shi, aka wuce wurin.

Nas ɗin da take zuwa duba shi ta maƙala masa 'yar na'urar auna oksijin a yatsa, ta dubi lambar, ta taɓe baki. Ta kira likita a waya, likita ya ce ciwon ne yake ci gaba, a ƙara buɗe iskar. Yaya ya murɗa maɓallin ya ƙara. Ruwan kwalbar ya ƙara ɓulɓulowa, kowa ya ji daɗi. Daga ranar Baƙuwa ta zama sarkin surutu.

Ban zauna haka nan ba. Na haska rubutun allon injin da wayata don ta fassara, amma allon ya dushe, rabinsa ya yi baƙi, wayar ta kawo mini maganar da ba kai ba gindi. Na gwada ɗaukar muryar, sai dai Baƙuwa ba ta sanar da lokacin da za ta yi magana, kafin in lalubo wayar ta yi shiru. Da na bar wayar a kunne a gefenta, abin da na samu shi ne gurnanin motar injin, da tarin Baba, da Inna tana yi wa wani faɗa ta taga. Muryar na can ƙasa kamar sauro. Na kira mai sayar da injin, ya ce, "Gaisuwa ce kawai take yi, ai mutanen can akwai ladabi." Da na ce wa Yaya a kai injin a gwada, sai ya hau ni ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba.

"Ke da ba ki iya canza ƙwan fitila ba za ki koya mini inji? Na buɗe shi, na duba shi, komai yana juyawa! Ko so kike ki ce na kawo wa ubana abin banza?"

Na rama, don ni ma ba a bar ni a baya ba wurin baki. Inna ta shigo ta fi mu duka. Baba yana zaune a tsakiyarmu da tiyo a hanci, yana kallon wannan yana kallon wancan.

Tsoro ne ya kai ni ga koyon Japananci, ba sha'awa ba. Ni da ko harshen maƙwabta ban taɓa damuwa da shi ba. Wata mai sayen labule ce ta ba ni lambar wani mutum mai jin yarenmu, wanda ya daɗe yana aiki a Japan, yana koyar da 'yan koyo ta waya a lokacin hutunsa. Ɗalibansa suna kiransa Sensei, wato malam. Lokacin da ya dace da shi ya faɗo daidai hutun cin abincin rana a shagonmu, don haka a sito nake ɗaukar darasi, a kan wani dami na yadin labule, na jingina wayar da kwalin zobban labule.

Ranar farko ban tsaya dogon bayani ba. Na ce injin gidanmu ne yake magana, ina so in san abin da yake cewa. Na kwaikwayi muryar iyakar iyawata. Ya saurara, ya ce in sake, na sake, sai ya fashe da dariya.

"Ƙanwata, wannan ba Japananci ba ne. Wannan kukan tsuntsu ne kika kawo mini."

Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Waƙar maganar kawai na riƙe, babu ko kalma ɗaya a ciki. Wata ranar hutu na kira shi daga gida na kara wayar a jikin injin, muka zauna muna jira. Baƙuwa ta ƙi cewa uffan har lokacinsa ya ƙare, yana kashe wayar ta soma.

"To ba wata hanya," in ji shi a darasi na gaba. "Sai kunnenki ya koyi inda kalma take farawa da inda take ƙarewa. Kuma kin yi sa'a. Wasulansu irin namu ne: a, i, u, e, o. Suna jan wasali kamar yadda muke ja, suna ninka baƙi kamar yadda muke ninkawa. Bakinki ya riga ya iya rabin aikin, shi ne bai sani ba."

Haka muka fara. Ka, ki, ku, ke, ko. Sa, shi, su, se, so. Ya nuna mini haruffansu na farko, masu lanƙwasa kamar guntayen zare da suka zube a ƙasan keke. Ban saba da biro ba, allin awo ne a hannuna kullum, don haka a kan ragowar baƙin ƙyalle nake zana su, in goge da yatsa in sake. Uwar ɗakina, mai shagon, ta ɗaga wani ƙyalle ta juya shi sama da ƙasa, ta ce ko na fara rubuta laya ne. Sauran 'yan matan shagon suka sa mini suna 'Yar Japan. Duk wanda ya shigo sai su sunkuya masa irin gaisuwar mutanen Japan, suna cewa "Konnichiwa" suna tuntsura dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Duk harafin da na manta, sai in ji kamar numfashin Baba ɗaya na zubar.

Na koyi gaisuwa, na koyi godiya, na koyi ba da haƙuri. Na koyi cewa "wannan littafi ne" da "wancan kujera ce", ina ji kamar in jefar da wayar, don ba littafi ko kujera ne suka hana ni sukuni ba. Sannan wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan fita, Baƙuwa ta yi doguwar maganarta, sai kalmar ƙarshe ta fito fes ta tsaya a kunnena. Kudasai. Na san ta. Mun yi ta a darasi.

Na yi ihu har Inna ta fito da ludayi a hannu.

"Na gane! Na gane kalma ɗaya! Cewa take yi don Allah!"

"Don Allah me?" in ji Inna.

"Shi ne ban sani ba tukuna."

"To kin ji!" Inna ta buga ludayin a tafin hannunta. "Kin hana kanki barci, kin hana mu, a kan mai cewa don Allah. Yo wanda ya kawo masifa tsayawa yake yi yana roƙo? Da wani abu ne ya lalace ai da jiniya za ta yi, duk unguwa ta ji."

Yaya ya ce dama ya faɗa, ƙila ruwan kwalba take so a canza. Aka canza ruwan. Baba ya shafa saman injin ya ce, "Ki yi haƙuri da su, baƙuwa, haka suke."

Ni ma maganar Inna ta shige ni. A iya sanina, abin tsoro da ƙarfi yake zuwa, da zare ido, da buga ƙofa. Muryar da take sassautawa har tana haɗawa da don Allah ba ta yi mini kama da mai mugun labari ba. Hankalina ya kwanta na wasu kwanaki. Har na fara jin daɗin darasin, na fara tunanin ko wata rana zan ga ƙasar da idona. A cikin kwanakin nan Baba ya daina zuwa bayi da kansa, sai an riƙe shi.

Sensei yana da son labari idan an gama darasi. Ran nan, bayan mun yi yadda ake roƙon abu, sai ya shiga ba ni labarin zuwansa ƙasar da farko. Ya ce yana cikin wani babban kanti ƙasa ta fara girgiza, kwalabe suna zubowa, shi ya ruɗe yana salati da ƙarfi, sai ya ji wata murya a lasifika tana magana a natse kamar mai tallan sabulu. Ya ɗauka talla ce. Ashe cewa take yi kowa ya kare kansa ya nisanci gilashi.

"Haka suke," ya ce yana dariya. "Ko gobara ce, da don Allah za a ce ka fita. Yadda abin ya kai muni ba ya sa muryar ta tashi. Kai ne za ka saurari abin da aka ce."

Ya ci gaba da magana, ban ƙara jin komai ba. Tunanina ya koma kan don Allah ɗin Baƙuwa. Na dubi ƙyallen da ke hannuna.

Washegari ban je shago ba. Na ce wa uwar ɗakina ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Na ja tabarma kusa da injin, na baje baƙin ƙyalle a cinyata, na riƙe alli. Na roƙi Inna ta rage murya, ta ce a gidanta ne zan sa mata doka, amma ta koma kicin. Baba yana kan kujera yana gyangyaɗi. Ina jin numfashinsa, gajere, gajere, da ɗan fito a ƙarshe.

Fitilar ta kunnu, muryar ta zo. Na kama farkonta kawai: san, so. Na rubuta da haruffanmu, don na Japan ba za su yi mini sauri ba. Na jira. Ta sake zuwa, na kama noodo, da jan wasalin. Haka na riƙa tsintar ta gaɓa-gaɓa, duk zuwa ɗaya in ƙara guntu. Wani guntun in rubuta, zuwa na gaba in ji ba haka ba ne, in goge da yawu. Ina addu'ar ta yi shiru, ina kuma addu'ar ta sake faɗa. Ba ta ba ni wahalar jira ba, don a lokacin ba ta daɗewa ba ta yi magana ba. Kafin la'asar na cika layi ɗaya da rabi. Ƙarshen ne ya gagare ni, yana gudu da yawa, sai kudasai ɗin nan da take zaune a wutsiya.

Na kira Sensei, bai ɗauka ba. A wurinsu dare ya raba. Na tura masa hoton ƙyallen, allin ya fito dishi-dishi, ban ga alamar ya buɗe ba har na fita aiki da safe. Baba ya bi ni da ido lokacin da zan fita. Ya ɗaga yatsu biyu daga hannun kujera, ita ce sallamarsa.

Har rana ta take ban ɗinka abin kirki ba. Na haɗa labule ɗaya a juye, uwar ɗakina ta ƙwace ta ce in je in zauna. Lokacin darasi yana yi na shige sito, na warware ƙyallen.

"Ban iya karanta hoton ba," in ji Sensei. "Karanta mini, a hankali."

Na karanta. "Sanso noodo ga teika shite imasu."

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

"Ƙanwata, wane irin inji ne wannan? Kin ce mini injin gida. Na ɗauka na wanki ne ko tukunyar lantarki."

"Na oksijin ne. Na babana."

"Yana hancinsa yanzu?"

"Dare da rana."

"Tun yaushe take faɗin wannan?"

Na buɗe baki, na kasa lissafawa. Na ce, "An daɗe."

"Saurara da kyau. Cewa take yi ƙarfin oksijin ya ragu. Ragowar da ba ki kama ba, na tabbata cewa take yi a kira masu injin. Abin da ke tace iskar a ciki ne ya gaji. Motar za ta yi ta juyawa, ruwa zai yi ta ɓulɓulowa, amma abin da ke fita ta tiyon ƙila bai fi iskar fanka ba. Ajiye wayar nan. Ki kai shi asibiti yanzu."

Ban san yadda na fita daga shagon ba. Takalmina ɗaya na bari a sito. A bakin titi na kira Inna, wayar ta yi ta ringi, na san tana can a ɗaki a jikin caja kamar kullum. Na kira Yaya, hayaniyar janareto ta cika wayar, yana cewa "Me? Me?", na ce ya taho gida da mota, ko ta wa ce, na kashe. Na tare mai babur. Danja ta tsayar da mu a mahaɗa, wata babbar mota ta gindaya a gabanmu tana juyawa a hankali, ni kuwa ina dukan bayan mutumin ina cewa ya bi ta gefe. Duk hanyar abu ɗaya nake gani, yatsu biyun nan da suka ɗagu daga hannun kujera. Ina ta ƙoƙarin tuna ko launinsu ya fi na jiya duhu.

Na haye benen da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ƙofar a buɗe take. Ɗakin tsit, abin da ban taɓa ji ba a gidanmu da rana. Inna tana zaune a ƙasa tana ninke wanki, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Shhh," ta ce da raɗa. Inna, da raɗa. "Ya samu barci mai daɗi tun hantsi. Ko motsi bai yi ba. Kar ki tashe shi."

Kansa ya karkata gefe ɗaya. Bakinsa a ɗan buɗe. Leɓunansa sun koma launin toka. Na tsaya ina kallon gaban rigarsa, ina jira ta ɗaga. Ta ɗaga kaɗan, ta daɗe, ta sauka. A daidai lokacin fitilar ta kunnu, Baƙuwa ta faɗi maganarta a natse, da ladabinta, har zuwa don Allah.

Sai na fassara ta. Ita ce fassarata ta farko a duniya, kuma da harshen gidanmu na yi ta. Na kurma ihun da ban taɓa yin irinsa ba.

"Babu oksijin! Inna, babu komai a cikin tiyon nan! Iska ce kawai! Baba zai mutu!"

Wankin ya watse. Inna ta miƙe da nata ihun, ta fita baranda tana kiran duk wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Wannan karon maƙwabta sun hawo. Na girgiza Baba, idonsa ya buɗe rabi ya koma. Yaya ya faɗo ɗakin da baƙin mai a hannunsa, bai tambayi komai ba, ya dubi fuskar Baba sau ɗaya, ya sunkuya ya goya shi. Tiyon ya zame ya faɗi ƙasa. Muka sauka benen ina riƙe da ƙafafun Baba don kada su bugi matakala, suna da sanyi, ba su da nauyi ko kaɗan.

A asibiti suka shige da shi suka rufe ƙofa. Yaya ya zauna a ƙasan baranda, ya ɗora hannu biyu a ka. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wallahi yana juyawa, Auta. Na saurara." Muryarsa ta yi ƙasa har da ƙyar na ji. Na zauna kusa da shi.

Sai bayan la'asar suka bar mu muka shiga. An sa masa abin rufe hanci da baki, an haɗa shi da bututun bango. Leɓunansa sun fara dawowa. Likita ya ce an kawo shi a kan gaɓa, kuma zuciyarsa ta sha wahalar da ba lallai ta koma yadda take ba. Baba ya buɗe ido, ya neme ni, ya yafito ni da yatsun nan biyu. Na kai kunnena bakinsa.

"Kin gano abin da take cewa?"

Na gaya masa. Na ce malamina ya ce abin da ke fitowa bai fi iskar fanka ba. Ina faɗin kalmar na ji ta a bakina, na tsaya.

Baba ya lumshe ido, ya ɗan gyaɗa kai. Babu fushi a fuskarsa.

"Ai na faɗa muku," ya ce.

Kafin magariba Inna ta aike ni gida in ɗebo masa kaya. Ƙofar tana nan yadda muka bar ta. Wanki a warwatse, kujerarsa da shaidar zamansa a jiki. Ba wanda ya tuna ya kashe injin. Yana ta gurnani, ruwa yana ɓulɓulowa, tiyon yana kwance a ƙasa yana hura ƙura. Ina tsaye fitilar ta kunnu, Baƙuwa ta sake faɗa wa ɗakin da babu kowa, da muryar da take faɗa tun farko, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Na ji kowace kalma a wurinta.

Na durƙusa a gabanta. A darasi Sensei ya koya mini abin da ake cewa idan an yi maka bayani ka fahimta. Wakarimashita. Na faɗa mata, a hankali, yadda Baba zai faɗa. Sannan na kashe ta, na zauna a ƙasa kusa da kujerar, na yi kuka ba tare da ko maƙwabci ɗaya ya ji ba.